Kwamfutar Ƙararrawa Mai Ƙwaƙwalwa Biyu

A ƙauyenmu Miliya, can kan duwatsun kudancin Girka, babu mai ilimin Fanuris Kalogeras, in dai shi ka tambaya. Ya taɓa yin 'yan watanni a Atina yana sharar wani shagon gyaran waya, ya dawo mana da jakar sukundireba da sunan injiniya, wanda shi ya raɗa wa kansa. Fankar gidan gahawa da ya gyara, har yau da baya take juyawa. In ka yi magana ya ce ai haka ake yayi a Jamus, kai ne ba ka fita ba.

Abu ɗaya ne duk cika bakin nan bai samo masa ba. Ranar idin Waliyya Marina, idan aka fito da hotonta daga coci za a zaga gari, mutum huɗu ne ke ɗaukar katakon da ake ɗora hoton a kai, amma sandar gaba ta dama ita ce sanda. Mai riƙe da ita shi ake kallo, shi mata ke watsa wa furanni, shi ke fara yankar gasasshen rago. Mahaifin Fanuris ne ya riƙe ta har Allah ya karɓi abinsa, daga nan ta koma kafaɗar Menelawos mahauci ta yi zaman dirshan. Abin yana ci wa Fanuris rai, amma bai kai yadda yake cin mahaifiyarsa ba. Ita Kira Zambeta, wato Uwargida Zambeta a bakinmu, ta haura casa'in, duk garin ba wanda ya girme ta, kuma kullum da maganar take miƙa masa gahawar safe.

"Ni dai in ga sandar ubanka a kafaɗarka kafin a rufe ni."

"Inna, bana ne. Ki zuba ido."

"Bara ma na zuba, har ya yi ruwa."

To, bana kuwa sai ga shi da dabara. A ɗan ɗakin da ke ƙarƙashin hasumiyar coci akwai wata tsohuwar kwamfuta da 'yan garinmu mazauna Ostireliya suka aiko. Aikinta ɗaya ne: in lokaci ya yi ta aika wuta ga wasu gudumomi da ke sama, su doki ƙararrawa. Da ita muke tashi, da ita muke tafiya cin abincin rana, da ita tsofaffi ke fita addu'ar yamma. Windos ne tsarin da ke tafiyar da ita, kuma tun da aka kafa ta ba ta taɓa saɓa wa kowa ba, don ba wanda ya taɓa kai mata hannu.

Fanuris ya tarar da limamin cocin, Papa Lambros, a gidan gahawa yana buga tabili, wani wasan allo mai kama da dara, shi da Menelawos. Ya jawo kujera, ya dire wani ɗan faifan kwamfuta a tsakiyar allon wasan.

"Papa, ka san mene ne wannan?"

"Na san ya danne mini 'ya'yan wasa."

"Ƙwaƙwalwa ce. Kwamfutarka ƙwaƙwalwa ɗaya gare ta, kamar..." ya ɗan saci kallon Menelawos, "kamar dai wasu. Ni zan ƙara mata ta biyu, in zuba Linuks, abokin hamayyar Windos, a ciki. Kowa da faifansa, kowa da gidansa. Windos ya kaɗa ƙararrawa, Linuks ya haska idi kai tsaye har Ostireliya. Waɗanda suka aiko da na'urar su ga waliyya da idonsu, su gan ka cikin rigar nan taka mai ruwan zinariya."

Menelawos ya ce, "Lokaci ɗaya za su yi aikin?"

"Bi da bi. Ka taɓa ganin mutum ya shiga gida biyu lokaci ɗaya? A bakin ƙofa zan ajiye mai gadi, wani ɗan shiri ne da ke riga kowa tashi. Kana kunna na'ura zai tare ka ya ce, wane gida za ka? Ka nuna, ya buɗe. Abin dai ya fi ƙarfin mai sara ƙashi, amma ka riƙa saurare, za ka tsinci wani abu."

Papa Lambros mutumin kirki ne, amma maganar rigar zinariya ta riga ta shige masa kunne. Ya shafa gemu. "Kuma ba za ka lalata mini ƙararrawa ba?"

"Haba Papa! Gida biyu ne da ko katanga ba su haɗa ba. Sai dai in na yi wannan, maganar sandar gaba..."

"In 'yan Ostireliya suka ga idi, ƙararrawa kuma ta yi aikinta, sanda taka ce bana. Menelawos, ka ji?"

"Na ji, na yarda. Dama kafaɗata ta gaji." Mahaucin ya jefa 'ya'yan wasa, sannan ya ɗaga kai sama. Duk gidan gahawa aka ɗaga kai tare da shi, ana kallon fanka tana ta juyawa da baya.

Fanuris yana da 'ya, Ariyadni, wadda ke aikin kwamfuta na gaske a Tasalonika. Ya kira ta a waya don ya sanar da ita, domin shi ba ya neman shawara.

Ta ce, "Baba, abu ɗaya nake roƙonka. Kafin ka zuba Linuks, ka zare wayar faifan Windos gaba ɗaya. In ka bar su duka a jone, mai gadin nan zai iya kafa rumfarsa a ƙofar Windos, ya ajiye kayan aikinsa a gidan Linuks. Ran da ka taɓa ɗaya, duka biyun sun rufu."

"Ni zan zare waya? Ke kin taɓa jin likita ya cire zuciya don zai dasa ƙoda?"

"Baba, likita ya yi karatu."

"Layin nan ba kyau," in ji Fanuris, ya kashe wayar.

Washegari ya buɗe ƙofar ɗakin kwamfuta wangale don kada a ce ya yi aiki a ɓoye. Tsofaffi suka jero kujeru a bakin ƙofa, kowa na jan carbinsa na wasa. Ya kwance murfi, ya ɗaura sabon faifai, ya bar tsohon a jone yadda yake. Duk tambayar da na'ura ta yi masa, amsarsa ɗaya ce: ci gaba. Da ta zo kan tambayar inda za a kafa mai gadi, ko kallon fuskar kwamfutar bai yi ba, yana can yana ba da labarin yadda mai shagon Atina ya riƙe masa ƙafa yana kuka kada ya tafi. Ya danna da gwiwar hannu.

Da aka sake kunnawa, sai ga layi biyu farare a kan baƙar fuska. Fanuris ya miƙe ya buɗe hannuwa.

"Ga mai gadi! Sama Linuks, ƙasa Windos. Wa ya ce ba injiniya a Miliya?"

Aka tafa. Wani tsoho ma ya yi alamar gicciye. Fanuris ya zaɓi Windos, ƙararrawar yamma ta buga lafiya lau, ya koma gida yana tafiya kamar wanda aka naɗa.

Abin da bai gaya wa kowa ba, don shi ma bai sani ba, shi ne mai gadin nan ba shi da haƙuri. In ya tambaya aka yi shiru na ɗan lokaci, sai ya tura na'ura gidan da ke sama. Wutar garinmu kuwa ba ta kwana ba ta yi ƙifce ba. Da hantsi mai gidan burodi ya kunna babbar tandarsa, wuta ta ɗauke ta dawo, kwamfuta ta farka, mai gadi ya tambaya, ba kowa. Ya shige da ita gidan Linuks, wanda bai san da wata ƙararrawa a duniya ba.

Rana ta take, shiru. Mazan gidan gahawa, waɗanda ƙararrawa ce ke kora su gida, suka ci gaba da tabili. Ciki na ƙugi, kowa na cewa yau safiyar ta yi tsawo. Can sai ga ayarin mata sun kunno kai, Kira Furosini matar Menelawos a gaba, da ludayi a hannu.

"Kun mutu ne a nan? Miya ta daskare, kifi ya koma katako!"

Menelawos ya ce, "Ƙararrawa ba ta buga ba."

"Cikinka ma sai an buga masa ƙararrawa? Da wannan tumbin?"

Ido ya dawo kan Fanuris. Ya kurɓe sauran gahawarsa a tsanake, ya ce ƙaramin abu ne, na'ura tana sabawa da sabuwar ƙwaƙwalwa, ko mutum aka yi wa haka sai ya ɗan yi jiri. Yana shan kwana ya kwasa da gudu. Ya sake kunna kwamfuta, ya zaɓi Windos, ya ja ƙofa, ya tafi cin abinci.

Agogo ne bai duba ba. Ashe zaman da Linuks ya yi da safe, ya juya agogon cikin na'ura ya koma bisa lokacin duniya, don shi haka al'adarsa take. Windos kuwa da ya dawo ya ɗauka lokacin Miliya ne. Da bazara tazarar awa uku ce, saboda haka a wurin kwamfuta rana ba ta take ba tukuna.

Kowa ya san ƙarfe uku na rana a garinmu. Tagogi a rufe, karnuka a ƙarƙashin mota, ko kaza ta san ba ta isa ta yi kuka ba. Akwai gidaje biyu da har yau ba sa gaisawa saboda wani ya ja kujera a kan siminti a irin wannan lokaci. To, a daidai tsakiyar barcin nan ƙararrawa ta saki bugun tsakar rana, manya da ƙanana gaba ɗaya, har da ɗan karin waƙar da ke biyo baya.

Gari ya hargitse. Maza suka fito da singileti da gajeren wando, mata da robar naɗe gashi a ka, jarirai na ihu, wani jaki ya tsinke. Wasu sun ce gobara, wasu sun ce girgizar ƙasa. Papa Lambros ya fito ba hula, gemunsa ya kwanta gefe guda, ga shatin matashi a kumatu. Aka taru a dandali, aka sa Fanuris a tsakiya.

Ya duba agogon kwamfuta, ya dawo ya gyara tsayuwa. "Ku kwantar da hankalinku. Ƙararrawa ba ta yi kuskure ba. Yanzu sha biyu ne daidai a agogon duniya."

Menelawos ya ce, "To mu a Miliya muke, ba a duniya ba."

"Shi ya sa ba ku ci gaba."

Da ba don Papa ya shiga tsakani ba, da ludayin Kira Furosini ya yi aiki karo na biyu a rana ɗaya.

Da mai hankali ne, da ya tsaya nan. Fanuris kuwa ya kwana da sabon tunani: tun da Linuks ne mai gadi ke so, to a koya wa Linuks kaɗa ƙararrawa, a huta. Da safe ya shiga ɗaki ya kulle ƙofa, ya buɗe wayarsa yana kwafo umarni daga wurin mutanen da bai sani ba. Ya rubuta layi ɗaya ya danna. Babbar ƙararrawa ta ce dammm. Ya yi tsalle don murna. Ya tsaya ya sosa kai, ya ce bari ya tabbata ba sa'a ba ce, ya sake dannawa. Dammm. Ya ɗan karanta wani abu a waya, ya sake. Dammm. Haka ya yi ta yi, bugu ɗaya, dogon shiru, bugu ɗaya.

A garinmu in babbar ƙararrawa ta buga ɗaya-ɗaya a hankali, magana ɗaya take faɗa. Mata suka ajiye wanki, suka yi alamar gicciye, suka jawo baƙaƙen kaya. Ba wanda ya tsaya tambayar wa ya rasu. Kowa ya yi lissafin shekaru a ransa, ƙafafu suka nufi gidan Kira Zambeta.

Ƙofa a buɗe take, ɗaki ba kowa. Aka ce ai an kwantar da ita a ciki, ba wanda ya yi ƙarfin halin leƙawa. Wata ta rufe madubi da zane, wata ta ɗora gahawar makoki mai ɗaci, wata ta fara rera kuka tana lissafa halayen kirki da marigayiyar ba ta taɓa nunawa ba. Kira Furosini, tana share hawaye, ta sauko da babbar tukunyar jan ƙarfe daga kan kanta.

"Allah sarki. Kullum cewa take in ta tafi, wannan tawa ce."

Ƙofar bayan gida ta buɗe. Kira Zambeta ta shigo da kwanon wake a hannu, dama tana can lambu tana ɓara, kuma kunnenta ya daɗe da daina damuwa da ƙararrawa. Ta dubi madubi, ta dubi baƙaƙen kaya.

"Wa ya mutu?"

Mai rera kuka ta ƙwalla ƙara ta zube kan kujera. Wata ta yi ta maza ta ce, "Ke ce, Kira Zambeta."

"Ni? Ba wanda ya gaya mini." Ta juya a hankali. "Furosini, mayar da tukunyar nan inda kika ɗauke ta."

Shi kuwa Fanuris ya fito daga ɗakin kwamfuta yana busa fito da baki, ya ci karo da Menelawos a dandali. Mahaucin ya rungume shi, hawaye shaɓe-shaɓe, don duk gardamarsu mutum ne mai zuciya.

"Sai haƙuri, injiniya. Tsohuwa ta tafi."

Fanuris ya fizge jikinsa daga hannun mahaucin. Ya manta da Linuks, ya manta da Jamus, ya kwasa a guje takalmi ɗaya a ƙafa. Ya faɗa gidan yana kuka kamar yaro, kuka na gaskiya, yana cewa, "Inna! Ban riƙe sandar ba, Inna! Ba ki jira ni ba!"

Ya buɗe ido ya gan ta tsaye da kwanon wake. Tsohuwar ta ji abin da ya faɗa, kuma ya taɓa mata zuciya. Ta bari ya rungume ta ya gama sheshsheƙa. Sannan ta ce, "To wa ya buga mini ƙararrawar mutuwa?"

Duk aka juyo ana kallonsa. Fanuris ya fara cewa a gaskiya gwaji ne na fasaha, kwanon wake ya sauka a kansa.

Ran nan Papa Lambros ya yanke hukunci a gaban kowa. "Ka fitar mini da baƙon nan daga coci. 'Yan Ostireliya su yi haƙuri, a aika musu hotuna. In ƙararrawa ta buga daidai ranar idi, za ka riƙe sanda, kuma don tsohuwar nan zan yi, kada ka ɗauka don kai ne."

"Papa, ai korar baƙo ta fi saukarsa sauƙi. Ku zo ku gani."

Aka sake jero kujeru. Fanuris ya shiga Windos, ya gyara agogo da hannu, ya nemo faifan Linuks, ya share shi tas. Ya karkaɗe hannuwa. "Na kore shi, na share gidan, ko tsinke bai bari ba." Kwamfuta ta ci gaba da aikinta, tun da a kunne take, ba ta da dalilin komawa bakin ƙofa. Ƙararrawar yamma ta buga a kan kari, ta safe ma haka. Wutar gari kuma, kamar an haɗa baki da ita, ta ƙi ƙiftawa.

Nan da nan bakin Fanuris ya dawo. Ya sayo farar riga sabuwa fil. A tsakar gida ya ɗora tsani a kafaɗa yana kai da kawowa, Kira Zambeta na zaune tana ba da umarni da sandarta.

"Miƙe wuya. Ubanka ba ya karkacewa. Kada ka yi murmushi, ba aurenka ake ba."

"Inna, ni fa an haife ni ne don sandar nan."

"Ni na haife ka, kuma ban ga alama ba. Sake zagayowa."

Amma da ya juya baya, sai ta share ido da bakin gyale. Farin ciki take, ba ta dai so ya gani.

Ranar idi gari ya cika maƙil. 'Yan birni sun zo, Ariyadni ma ta sauka daga motar safe. A dandali an jona injinan juya raguna a kan garwashi, an jona firjin giya, an jona fitilu masu launi, makaɗa sun jona lasifikoki, mai alewa ya jona nasa injin, duk a kan waya ɗaya. Ana cikin addu'a fitilun coci suka ɗauke suka dawo. Ba wanda ya kula.

Aka gama addu'a, aka ɗora hoton waliyya a kan katako, an kewaye shi da furanni da ganyen ƙamshi. Fanuris ya sa kafaɗa a ƙarƙashin sandar gaba ta dama. Ya ji santsin itacen da kafaɗar ubansa ta goge. Kira Zambeta tana bakin ƙofa cikin baƙar rigarta ta alfarma, ta miƙe kamar an rage mata shekara ashirin.

Waliyya ba ta ƙetare bakin ƙofa sai da ƙararrawa, haka muka tarar. Papa Lambros, cikin rigar zinariya, ya tsaya yana jira. Lokaci ya yi. Shiru. Ya yi gyaran murya ya kalli sama. Wata tattabara ta amsa masa. Ya juyo da ido kan Fanuris.

Gumi ya karyo wa injiniya. Ya waiga ya ga Menelawos tsaye a gefe, hannuwa a baya.

"Menelawos, riƙe mini nan. Yanzu zan dawo."

"Da sunan Allah," in ji mahauci, ya zura kafaɗa, sanda ta zauna a gurbinta.

Fanuris ya ruga ɗakin kwamfuta, rabin gari na biye da shi. Fuskar na'ura baƙa ƙirin, sai 'yan kalmomi farare a can sama da wani ɗan ɗigo yana ƙiftawa. Mai gadi ne. Wuta ta tashe shi, yana tsaye a rumfarsa a ƙofar Windos, ya miƙa hannu ya ɗauko kayan aikinsa a gidan Linuks, ya tarar an share gidan. Bai san hanyar ko'ina ba, kuma ya tare ƙofa, ba mai wucewa sai ta kansa.

Fanuris ya danna wannan ya danna wancan. Ya kashe ya kunna, mai gadi ya sake fitowa. Ya zare faifan Linuks ya jefar, mai gadi yana nan. Ya ɗauko ya mayar, yana nan. Ya rubuta sunan Windos, na'ura ta ce ba ta san shi ba. Ya rubuta da manyan baƙaƙe. Ya ɗan mari gefen akwatin, ya shafa shi, ya sunkuya ya yi masa raɗa.

Daga baya wani ya ce, "Gwada yi masa Jamusanci."

"Ku ba ni iska! Wannan matsala ce ta ƙasa da ƙasa, ko a Atina..."

Ariyadni ta kutso ta leƙa ta kan kafaɗarsa. Kallo ɗaya ta yi.

"Baba, ka zare wayar da na ce?"

"Ai layin ne ba kyau ran nan."

"Ba abin da ya ɓata, Windos yana ciki lafiyarsa ƙalau. Amma sai na je gida na haɗo abin da zan buɗe ƙofar da shi. Kafin in gama rana ta yi tsaka."

Daga dandali mai gashin nama ya ƙwalo murya cewa raguna sun fara ƙonewa. Masu ɗauke da katako suna ta sauya ƙafa. Papa Lambros ya iso, fuskarsa ta yi ja kamar tumatir.

"A ja igiya! A buga da hannu!"

Aka kalli juna. Tun zuwan kwamfuta aka kwance igiyoyin. Ɗaya tana rijiyar makabarta, ɗaya kuma wani tsoho ya amsa a hankali cewa akuyarsa ce ke ɗaure da ita, kuma akuyar tana kan dutse.

Papa ya ja dogon numfashi. Ya miƙa hannu gefe, Kira Furosini ta ɗora masa gudumar dukan nama ta shagon mijinta, wadda Allah kaɗai ya san dalilin da ya sa ta zo idi da ita. Ya danƙa wa Fanuris.

"Kai ka rufe mata baki, kai za ka zama bakinta. Hau. Kuma kada in ji ka tsaya sai waliyya ta zaga gari ta dawo."

"Papa, sandar fa? Ka yi alkawari."

"Na ce in ƙararrawa ta buga. Je ka sa ta buga."

Ya hau. Tsanin hasumiya ya shekara ba a taka shi ba, tattabaru sun mayar da shi nasu. Kafin ya kai sama farar riga ta zama abin da ba a faɗa a ranar idi. Ya tsaya gaban babbar ƙararrawa, ya ɗaga gudumar nama, ya maka. Ƙarar ta shige masa har haƙora.

Ƙasa aka yi sowa. Waliyya ta ƙetare bakin ƙofa, makaɗa suka saki, furanni suka fara sauka a kan Menelawos. Daga sama Fanuris yana ganin komai tar: sandar ubansa tana sheƙi a rana, mahauci ya miƙe wuya, ko karkacewa ba ya yi. Tsakanin bugu da bugu ya leƙo yana ihu.

"Menelawos! Aro na ba ka! Aro ne!"

Mahauci bai ko ɗaga kai ba, mai riƙe da sandar gaba ba ya waige.

Ayari ya zo daidai gindin hasumiya. Kira Zambeta, wadda ke tafe a hankali a bayan hoton, ta tsaya cak, ta ɗaga sandarta sama. Makaɗa suka yi shiru, masu katako suka ja birki. Fanuris ya sauke guduma. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da ya gode mata, sai dai ta yi masa nisa. Ya kasa haɗa ido da tsohuwar.

Ta kare ido da tafin hannu ta daɗe tana kallonsa, da kashin tattabara da gudumar nama da komai. Sannan ta ɗaga murya yadda har na bayan ayari suka ji.

"Fanuris! Na fasa mutuwa bana. Sai na ga sandar nan a kafaɗarka, ko da zan kai shekara ɗari biyu. Kai ka jawo wa garin nan!"

Dariya ta ɓarke tun daga bakin coci har dandali. Shi ma ya yi, hawaye na zuba a kan rigar da ta riga ta lalace. Ya leƙo ya buɗe baki.

"Inna, baɗi ne! Na ma riga na gano inda..."

"Buga, Fanuris!" in ji gari duka, muryar Papa ta fi ta kowa.

Ya ɗaga guduma ya buga.